Ranar da Sojojin Difa Suka Tsaya Tanut

Tun kaka wayar Gajere ta daina shiga. Da farko mun ce rezo ne, layin waya ne ba ya kamawa, don can wajen Difa inda aka kai su kullum haka abin yake. Sai kuma muka ji a rediyo wata motar soja ta taka nakiya a wannan yankin, ba a faɗi sunan kowa ba. Daga ranar uwarsa Jummai ta rage cin abinci. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Gajere ɗana ne na fari. Dogo ne sosai, kakarsa ce ta liƙa mishi wannan sunan don mu samu abin da za mu riƙa kiransa da shi. Mu nan Ollelewa mutum ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya tsayawa hira da shi a gaban jama'a, ba ya nuna ya damu da shi. Haka na taras ubana yana yi da yayana, haka ni ma nake yi. Shi kansa yaron in ya hango ni tafe sai ya sake hanya. Ba ƙiyayya ba ce, baƙo ne kawai yake zaton haka. Amma ka ga, in abu irin wannan ya faru, ba ka da bakin zuwa bariki ka ce ina wane.

Ƙanwarsa Fa'iza ce bakinmu. Tana karatun doka a jami'a a Damagaram, kuma a shekarar nan ta samu sitaj, wato koyon aiki, wajen depiten yankinmu, ɗan majalisa, wanda suke kira Onorabul. Majalisa tana Yamai, amma yana da biro, wato ofis, a Damagaram. Da safe tana aji, da rana tana biro tana sauraron masu kawo kuka, wannan rijiyarsu ta rufta, wancan an nome burtali, ita kuma ta rubuta da Faransanci don Onorabul ya tafi da shi majalisa. Da ta zo salla na ga ƙasusuwan wuyanta sun fito. Na ce ta ajiye ɗaya, ko karatun ko sitaj ɗin. Ta ce in ba takardar shaidar sitaj ba za a ba ta ta jami'a ba, in ba ta jami'a ba kuma ta sitaj ba ta da amfani. Na ce to wanda ya tsara wannan bai taɓa ɗora wa jaki kaya ba.

Ta yi ta tambayar labarin yayanta a biro. Akwai wani Ilyasu, shi ne na hannun daman Onorabul, shi yake riƙe da wayoyinsa, kullum amsarsa ɗaya ce, maganar soja sirri ce, a jira. Muka jira har bazara ta shigo.

Wata Talata da la'asar ina gyaran amalanke ta kira ni.

"Baba, rundunar su Yaya za ta koma Agadas. Jibi Alhamis za su bi ta Tanut. Onorabul ya shirya musu tarba, za su tsaya su sha ruwa su wuce."

Na ajiye guduma. Na ce, "Duka ne za su dawo?"

"Ban sani ba, Baba. Ba su ba da sunan kowa ba."

"To ke amfanin biron naki me?"

"Ni ce zan juya jawabin Onorabul zuwa Hausa. Zan kasance cikin igiyar da za a ja a tare jama'a, kusa da su. In yana nan zan gan shi, in ba ya nan zan samu wanda zan tambaya." Ta ƙara da cewa, "Sai dai ranar da safe ina da jarrabawa, kuma da safen motar Onorabul za ta tashi."

"Ki ce su jira ki."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. "Ilyasu ya ce motar depite ba ta jiran 'yar sitaj. Ya ce in ban iso kafin jawabi ba kada in sake zuwa biro. Zan rubuta abin da na iya in shiga motar kasuwa."

Na shiga gida na ce wa Jummai jibi zan je Tanut, an ce wasu sojoji za su wuce. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ni ina da aiki." Washegari na taras ta share ɗakinsa, ta fito da tabarmarsa ta shanya. Ta ce ɓeraye ne suka dame ta.

Ran Alhamis na sauka wajen Jibo. Jibo taubashina ne, ɗan gwaggona, yana dillancin awaki a kasuwar Tanut, kuma tun muna yara bakinsa ba ya barina in huta.

Ya ce, "A'a, Lawali! Wannan riga ta salla fa? Aure za ka ƙara ne ba ka gaya wa ubangidanka ba?"

"Na zo duba farashin taki."

"Taki a bazara. Madalla. Zo mu je, a bakin gudron ake sayar da shi yau, har da makaɗa."

An kafa rumfa a filin da ke gefen gudron, wato kwaltar hanyar Agadas, an jera kujeru, an ja igiya doguwa, jandarmomi suna tsaye a jikinta. Ciki manya ne, Onorabul da farar babbar riga, masu gari, da mai kamara. Waje mu ne. Mutane sun zo daga Gangara, daga Tarka, har da wasu Buzaye da suka tsugunar da raƙumansu can baya. An jera randunan ruwa, ana gasa tumaki. Rana kuwa tun hantsi ta fara cin ƙeya.

Na kira Fa'iza, waya a kashe. Na san tana ɗakin jarrabawa. Can na sake kira, a kashe. Da rana ta ɗaga na kuma kira, ta shiga, sai ƙarar iska da injin mota, na ji ta ce "Baba muna hanya," ta yanke.

Wani siriri da kwat a cikin wannan zafin yana ta kai da kawo, waya a kowane hannu, na gane shi ne Ilyasu. Wani ya nuna mishi ni, ya taho.

"Kai ne baban Madmazel Fa'iza? Tana ina?"

"Tana hanya. Jarrabawa ta yi."

"Onorabul bai san jarrabawa ba. Sojoji sun wuce Bakin Birji tun ɗazu."

Na ce, "Ita ma ba tashi sama take yi ba."

Ya dube ni daga hula har takalmi ya juya. Jibo ya ce, "Shi ke nan, ka gyara wa yarinya aiki."

Kafin azahar muka ji jiniya. Mata suka ɗauki guɗa, makaɗa suka saki ganga. Manyan motoci suka sauka daga gudron ɗaya bayan ɗaya suka jera. Sojoji suka fara dirowa. Kowanne ya naɗe fuska da rawani mai ruwan ƙasa, da yawa da baƙin tabarau, kaya iri ɗaya, takalmi iri ɗaya. Suka yi sahu a gaban rumfa.

Nan wuri ya rikice. Kowa yana kiran nasa. "Bashir!" "Usman na Fatu!" Wata tsohuwa ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya ta ruga, jandarma ya bi ta, kafin ya kai wani soja ya fita daga sahu ya ɗaga ta sama. Wasu suka kwance rawani suna ɗaga hannu, 'yan'uwansu suna tsalle.

Ni ban kira ba. Fuskokin ma ban iya tsayar da ido a kansu ba, don in muka haɗa ido da shi a gaban wannan taro ban san inda zan sa kaina ba. Tsayi nake dubawa. Na bi kafaɗu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Akwai dogaye, amma ɗaya ya cika faɗi, ɗaya fari ne, ɗaya kuma da ya taka na ga ba tafiyarsa ba ce. Na sake bi daga farko.

Jibo ya daina wasa. Ya haɗa tafin hannu a baki ya ƙwala sunan nan na yanka. Ya sake ƙwalawa, ya haɗa da sunana da na garinmu. Jibo yana da murya, a kasuwa daga wannan bakin ake jin shi a wancan. Sojoji biyu suka waiwayo, suka kalli juna, suka mai da kai gaba.

Daga wannan kallon junan na fara fid da rai.

An ba su izinin shan ruwa. Wani yaro baƙi mai tsage ya zo randar da ke kusa da mu, Jibo ya miƙa hannu ta saman igiya ya kama hannun rigarsa.

"Ɗana, ka san wane, ɗan Ollelewa? Dogo haka?"

Yaron ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Baba, ba a ba mu izinin magana ba. A tambayi kaftin." Ya ajiye moɗa bai gama sha ba.

Na ce, "Jibo, mu tafi."

"Mu tafi ina?"

"Na ji abin da na zo ji."

"Ba ka ji komai ba. Tsaya nan, kai da taurin kan tsiya." Ya riƙe mini riga bai saki ba.

Kaftin yana can cikin rumfa kusa da Onorabul, yana ta duba agogo. Muka ji ana cewa da an gama jawabi za su tashi, suna son su ci hanya da sauran rana. Tsakanina da kaftin ɗin nan akwai igiya, da jandarma, da mai kamara. Ko da babu su, me zan ce mishi? Ina neman wa?

Onorabul ya miƙe. Yana jin Hausa ya fi ni, amma da ya ga kamara sai Faransanci. Ilyasu ya ɗauki ɗayan mikoron, abin magana a lasifika, yana juyawa. Shi a Yamai ya tashi, Hausarsa a karkace take, ya ce sojoji sun "ci wahala mai kyau," mutane suka yi dariya. Onorabul ya harare shi. Ni ina ta kallon hanyar Damagaram. Tanka ta wuce, motar raƙuma ta wuce. Na kira waya, ba ta shiga.

Sai ga kabu-kabu ya sauko daga gudron a guje, ya kusa kwashe mai ganga. Fa'iza ta diro tun bai gama tsayawa ba. Daga baya na ji motarsu ce ta mutu a Bakin Birji, ta bar jakarta a ciki ta hau babur. Hijabinta ya koma ja, alƙalami yana maƙale a wuyan rigarta. Jandarma ya tare ta, Ilyasu ya yi mishi alama, ya cusa mata mikoro a hannu yana magana ta cikin haƙora.

Ba ta neme ni ba. Ta tsaya gefen Onorabul, ya faɗi tasa, ta juya. Muryarta a tsaye take, kamar ba ita ta sauko daga babur yanzu ba. Onorabul ya ce Damargu tana alfahari da 'ya'yanta, ta faɗa. Ya ce zai kai maganar iyalan soja gaban majalisa, ta faɗa. Amma idonta ba ya kansa. Yana bin sahu, fuska bayan fuska, kuma ita ba ta da abin da zai hana ta duban fuska. Na ga ta kai ƙarshe. Na ga ta dawo farko. Daga nan sai Onorabul ya gama magana ya tsaya yana jiranta, ita ba ta ji ya gama ba, sai Ilyasu ya taɓa ta.

Onorabul ya rufe da godiya, aka yi tafi. Kaftin ya miƙe yana gyara hula. Direbobi suka nufi motoci.

Fa'iza ba ta ajiye mikoron ba. Ta ce, "Jama'a, jawabin Onorabul ya ƙare. Wannan magana tawa ce, ba tasa ba."

Ganga ta tsaya.

Ta kama sunan yayanta gaba ɗaya, da nawa, da Ollelewa. Lasifika ta kai shi har wajen raƙuma. Ta ce, "Tun kaka ba mu ji shi ba. Wanda ya san inda yake, don Allah ya gaya mini yanzu, ko mene ne. Babanmu ga shi can tsaye a bakin igiya. Ɗan farinsa ne, ba zai iya tambaya ba."

Duk filin ya juyo kaina. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shiga. Na ji haushinta, kuma na ƙi ɗauke ido daga bakin kaftin.

Ilyasu ya fizge mikoron. Onorabul ya ɗaga mishi hannu ya bari. Kaftin ya kira wani saje, ya yi mishi magana a kunne. Sajen ya yafito Fa'iza, suka bi bayan sahu, suka wuce motar farko, suka wuce ta biyu, suka yi ta tafiya. Can ƙarshen layi akwai wata mota mai rufi da alamar asibiti a jikinta. Nan suka nufa.

Wata mata a bayana ta ce, "Inna lillahi."

Jibo ya ɗaga igiya. "Shige."

"Ba a ba mu izini ba."

"Lawali, wallahi in ba ka shige ba zan ɗauke ka kamar akuya."

Jandarman ya kau da kai. Muka shiga.  Ina tafe ina tunanin waɗanda na gani a Damagaram da sanda biyu, wando ɗaya a naɗe. Da muka kai motar da ke gaban ta asibitin na tsaya jikin tayarta. Daga nan ban ƙara taku ba.

Sajen ya buɗe ƙofar baya. Fa'iza ta leƙa ta ce, "Yaya!" Shiru. Ta sake cewa, "Yaya!" da ƙarfi. Shiru. Sai ta hau ciki.

Ban san tsawon lokacin da ta yi ba. Jibo yana ta salati a hankali.

Takalmi ya fara fitowa, sai ɗayan. Ya diro da kansa, ba wanda ya riƙe shi. Ƙafa biyu, hannu biyu, na duba har yatsu. Ya rame, kuma wani tabo ya taso daga wuyansa ya bi bayan kunne. Fa'iza tana riƙe da hannun rigarsa tana kuka tana dukansa a kafaɗa.

Sajen ya zo wajenmu ya cire hula. Ya ce, "Baba, motarsu ce ta taka abin. Allah ya yi da sauran kwana. Amma kunnuwan sun tafi. Likita ya ce ɗaya yana iya dawowa, a Agadas za a duba. Shi ya roƙe mu kada a kira gida, wai sai ranar da zai iya jin muryar innarsa da kansa. Yau ma tun da muka tsaya ya hango ka ta taga, ya ce ba zai sauko ba. Ya ce in ka yi magana bai amsa ba a gaban mutane fa?"

Jibo ya ce, "Wannan? Yaushe rabon da ya yi mishi magana? Da ya sauko abinsa, ba abin da zai rasa."

Gajere ya juya mini baya yadda ya saba, ya sunkuya wajen kunnen ƙanwarsa. A zatonsa raɗa yake yi. Muryarsa kuwa har rumfa ana ji.

"Fa'iza, kin rame! Ba su ba ku abinci a lakwal ɗin naku na jami'a ne? Ina Inna? Kada ki gaya mata maganar kunne, ki ce mura ce! Kuma ki ce wa Tsoho ya daina tsayuwa a rana haka, tun ɗazu ina kallonsa, ya tsufa, wuyansa duk ya saki!"

Sojojin da ke kusa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Jibo ya zauna a ƙasa don dariya, yana share ido da hula. Ni na duƙufa ina duba tayar motar nan kamar zan saya.

Fa'iza ta fito da waya tana rubuta mishi, yana karantawa yana amsawa da ihu. Na ce wa Jibo, "Tambayi yarinyar nan, a can Agadas ɗin akwai wanda zai kula da cin abincin marasa lafiya?" Jibo ya faɗa wa Fa'iza duk da ta ji, ta rubuta, ya karanta. Bai waiwayo ba. Ya ce, "Ki ce akwai! Ki ce da an sallame ni zan zo kafin shuka!"

Aka busa usur. Sajen ya taɓa kafaɗarsa ya nuna mishi mota. Ya hau.

Ilyasu ya iso, kwat ɗinsa ta jiƙe sharkaf. Bai dube ni ba. "Madmazel, Onorabul yana son ganinki a mota. Yanzu."

Ta goge fuska da gefen hijabi. Na ce, "Jarrabawar fa?"

"Rabi na amsa na fito, Baba."

"Sitaj ɗin kuma?"

"Yanzu zan ji." Ta gyara alƙalamin wuyanta ta bi bayansa, ƙafarta ɗaya tana ɗingishi, ashe salansar babur ta ƙone ta.

Motoci suka fara hawa gudron. Ta asibitin ce ta ƙarshe, an bar ƙofar bayanta a buɗe saboda zafi. Yana zaune a baki, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Da suka zo daidai mu ya kafa ido a kan Jibo, ya ɗaga hannu, bai sauke ba har motar ta hau hanya.

Jibo ya ce, "Ni yake ɗaga wa hannu haka? Yaron da ko gaishe ni sai an tuna mishi?"

Na ce, "To wa kuma? Ɗaga mishi mana, kana tsaye kamar turke."

Jibo ya ɗaga.